Kakakin da Ya Yi Magana Bai Gani Ba

Akwai wani injiniyan gine-gine da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Sai-Na-Gani. Sunan daga bakinsa ya fito. Ka kira shi a waya ka ce bangon gidanka ya tsage, ka tambaye shi me ya jawo, amsarsa ɗaya ce: sai na gani. Ko hoto ka tura masa, zai ce hoto ba ya ƙwanƙwasuwa. Sai ya zo da 'yar gudumarsa da tef ɗin awo, ya durƙusa, ya buga nan ya saurara, ya buga can ya saurara, sannan ya buɗe baki.

Matarsa ma ba ta tsira ba. In ta ce gas ya kusa ƙarewa, sai ya je ya ɗaga tukunyar da hannunsa. Takan ce ranar da aka ce masa gidan ya kama da wuta, sai ya shiga ya taɓa kafin ya yarda.

Wata safiya suna karyawa, sai ga wani a rediyo yana ta zuba bayani a kan abin da ke sa gini ya faɗi, kuma duk abin da yake faɗa shirme ne. Injiniya ya ajiye kofi ya shiga musu da rediyo, har yana nuna shi da cokali. Matar ta ƙyale shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce rediyon dai ba ya jin sa, in ya fi mutumin sani ya je ya faɗa wa duniya, ya bar su su sha shayinsu cikin kwanciyar hankali.

Ita wasa take yi. Shi kuwa ya riƙe maganar.

A makon ne ƙungiyar injiniyoyi ta sanar cewa tana neman wanda zai sa kai ya zama kakakinta, wato mai magana da yawunta a gaban 'yan jarida. Ba albashi, ba kuɗin mai, sai dai wayarka ta zama ta kowa. A wurin taron da aka kawo maganar, manya kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Sai-Na-Gani kaɗai ya ɗaga hannu.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai taushin murya da ke kiran kowa "ƙanena", ya rungume shi a gaban jama'a. Ya ba shi kati mai hoto, da takarda guda ɗaya mai ɗauke da abin da kakaki zai riƙa faɗa. Layi na farko: a bi zanen injiniya, kada kowa ya yi aiki da ra'ayin kansa. Layi na biyu: duk ginin da ya faɗi, aikin 'yan karambani ne waɗanda ba su je makaranta ba.

Gaskiya, shekarar farko ya yi abin a yaba. Kowace Laraba da safe yana gidan rediyo yana koya wa mutane abin da zai amfane su: yadda ake gane yashi mai laka, dalilin da ya sa ba a cire katako kafin kankare ya yi ƙwari, da irin tsagewar bangon da za a kwana da ita da wadda za a kwashe yara a fita. Magina da leburori sun fi kowa son shirin, domin yana magana da harshen da suke ganewa.

To amma makirufo yana da nasa ciwon. Mai gadin banki ya gane shi ta murya. Mai facin taya ya ƙi karɓar kuɗinsa. Kai ya fara kumbura a hankali, har ta kai sai an goge masa riga biyu ya zaɓa kafin ya tafi rediyo. Matarsa ta tambaye shi ko yanzu masu sauraro ta kunne suke ganin guga.

Sannan ɗan jarida ba ya son a ce masa sai na gani. Labaransa na ƙarfe goma sha biyu suna jiran sa, in ba ka ba shi magana ba zai kira wani. Sai-Na-Gani ya tsani ya kunna rediyo ya ji wani a gurbinsa. Da haka, kaɗan-kaɗan, ya koyi amsa tambaya daga kan kujera.

Wata Talata da hantsi, barandar wani benen shaguna ta rufto. Ginin bai kai shekara da buɗewa ba. Mutum uku suka ji rauni, cikinsu har da wata tela da ta fito da kekenta baranda don ta sami haske, ta karye a ƙugu.

Kafin ɗan jarida ya kira, Shugaba ya riga shi. Ya ce labarin ya fara yawo, kada a bari a ja sunan injiniyoyi a ƙasa, ƙanena ka san dai abin da muka saba faɗa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga gidan rediyo a layi.

Wurin bai fi tafiyar minti ashirin daga ofishinsa ba. Gudumarsa tana cikin aljihun mota. Amma ya gyara zama, ya gyara murya, ya ce wannan abu ba ya buƙatar dogon bincike, aikin masu ɗaurin rodi ne marasa tsoron Allah, waɗanda ake ba su ƙarfe goma su sa shida su sayar da huɗu.

An sa maganar a labaran rana. Kafin la'asar, wasu fusatattu suka sami wanda ya ɗaura rodin ginin, wani tsoho da kowa ke kira Baba Mai Rodi, yana aiki a wani fili. Suka yi masa duka, suka tattake masa hannun dama, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Suka kai shi asibiti aka naɗe hannun, daga nan suka wuce da shi bayan kanta. Hujjarsu ita ce ai har kakakin injiniyoyi ya faɗa.

Washegari Laraba, maimakon ya je ya duba, sai ya ƙara maimaita maganar a shirinsa, har da ƙarin gishiri. Da ya fito abokan sana'a suka yi ta turo masa saƙon jinjina.

Ranar Juma'a wata mata ta shigo ofishinsa riƙe da guntun bututun roba irin na ruwa, an toshe bakinsa da tsumma. Malamar makaranta ce, 'yar Baba Mai Rodi ta fari. Ya nuna mata kujera, ta ƙi zama.

Ta ce, "Kai ne ka ce mahaifina ɓarawon rodi ne?"

Ya ce shi bai kira sunan kowa ba, magana ya yi a dunƙule.

"Mai ɗaurin rodi ɗaya ne a ginin nan, injiniya, ba sai ka kira suna ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Ka je wurin?"

Bai je ba. Shekara ashirin ana kiran sa da suna guda, yau ga wata baƙuwa ta tsaya a kansa tana tambayar sa abin da sunan ke nufi.

Ta zare tsumman, ta zazzago zanen ginin a kan teburinsa. Ta ce babanta bai taɓa yar da zanen aikin da ya yi ba, kowanne yana cikin bututunsa a saman sif. Ta ce ranar Alhamis mai zuwa za a kai shi kotu, kuma ita ba roƙo ta zo yi ba, ta zo ne ta ga ko mutumin da babanta ke rataye rediyo a wurin aiki don ya saurare shi ya iya karanta takarda.

Ya buɗe zanen, ya kai yatsa wurin baranda, nan take ya ga matsalar.

Ga yadda abin yake. Barandar irin wadda ke fitowa daga jikin bene ce ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba. Irin wannan, rodinta a sama yake zama, kusa da inda ƙafa ke takawa, domin idan nauyi ya danne bakinta ta sama take son tsagewa, kamar yadda kara ke fara tsagewa ta baya in ka lanƙwasa shi. Ɗalibin da bai gama makaranta ba ma ya san wannan. Amma a zanen, rodin a ƙasa aka nuna shi.

A gefen wurin akwai rubutun fensir na tsohon: kibiya mai nuna sama da alamar tambaya. A ƙarƙashinta mai kula da aikin ya rubuta da biro, "A bi zane", ya sa hannu. Can ƙasa a kusurwa kuwa, ga hatimin injiniyan da ya amince da zanen, da lambarsa rangaɗau. Ya san lambar. Ita ce a kan katin da ke rataye a wuyansa, wurin sa hannun Shugaba.

A ranar ya je wurin, bayan kwana uku da magana. Ya tsallaka igiyar 'yan sanda, ya durƙusa a cikin ɓaraguzai, ya ƙirga rodin ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda da ya ɓace. Kaurinsu daidai, tazararsu daidai, an ɗaure kowace mahaɗa tsaf da wayar ɗauri, aikin hannun da ya san abin da yake yi. Illa dai duk suna kwance a ƙasa, inda zane ya ce a sa su.

Da safiyar Asabar ya sami Shugaba a falonsa, cikin lambobin yabo da suka cika bango. Dattijon bai ma musa ba. Ya ce yara masu zane ne suka kwafo daga wani aikin, shi kuma a rana sai a kawo masa zane goma, wa ke da lokacin buɗe kowanne. Kuma kowa a sana'ar ya san yadda ake yi: a kawo zane a naɗe, a buɗe kusurwar ƙasa kawai inda hatimi ke zama, a buga, a mayar.

Injiniya ya ce to yanzu Baba Mai Rodi fa?

Shugaba ya dafa kafaɗarsa. "Ƙanena, kai kakakin ƙungiya ne, ba kakakin mai ɗaurin rodi ba. Tsohon nan in an tsananta a ba shi shekara ɗaya, ya fito ya ci gaba da harkarsa. Ba shi da lasisin da za a ƙwace. Ni shekara talatin da biyar na yi ina gina sunan nan. Mu rufa wa juna asiri."

Ku ji fa. Wato shi tsohon ba shi da suna, ba shi da 'ya'yan da za a nuna da baki a makaranta, shekararsa ɗaya a kurkuku ba ta kai darajar tawadar hatimi ba. Mutum ya buga hatiminsa a kan abin da bai karanta ba, baranda ta karya baiwar Allah, sannan ya zauna a kan kujera mai laushi yana yanke wa wani shekarun da zai iya ɗauka. Irin wannan rashin kunyar ita ke ƙona min rai, domin da murmushi ake yin ta.

Kafin ya fita, Shugaba ya tuna masa a hankali cewa kujerar kakaki ta ƙungiya ce, kuma yawancin ayyukan da ofishinsa ke samu ta hannun 'yan ƙungiya suke zuwa.

Ranar Litinin ya nemi izini ya ga tsohon. Aka fito da shi ɗan ƙaramin ɗaki mai benci ɗaya, hannunsa na dama a naɗe har gwiwa, fuskarsa a kumbure. Injiniya ya yi sallama, tsohon ya ɗago da sauri.

Ya ce, "Ashe kai ne. Muryarka ta riga ka shigowa."

Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi da abin ya fi sauƙi. Ya ba shi labarin yadda yake rataye ƙaramin rediyonsa a jikin rodi kowace Laraba, yana hana yaran aiki surutu har a gama shirin. Ya ce da ya ga zanen barandar ya je ya sami mai kula da aiki ya ce masa rodin nan sama ya kamata ya hau, shekara talatin yana ɗaure irinta. Mai kula da aikin ya tambaye shi a wace jami'a ya karanta injiniyanci, ya nuna masa hatimi.

"Kwana biyu na ƙi ɗaurawa, ɗana. Ranar Laraba sai na ji ka ce a bi zanen injiniya, kada kowa ya yi aiki da ra'ayin kansa. Na ce to, wannan yaron ba ya magana sai ya gani, wataƙila akwai sabon ilimin da bai zo mana ba. Sai na ɗaura."

Sai-Na-Gani ya rasa inda zai sa idonsa. Ashe sau biyu bakinsa ya cuci mutumin nan: da farko ya sa shi ya danne abin da ya sani, daga baya ya shafa masa kashin kaji a gaban duniya. Ya ce, "Baba, ka yafe min." Tsohon ya ce yafiya mai sauƙi ce, shi dai abin da ke damun sa shi ne jikokinsa sun ji an ce kakansu ɓarawo ne.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya faɗa wa matarsa komai, ya ce in ya buɗe baki za su karɓe katin, kuma ayyuka za su ja baya. Ta gama kwashe kwanuka. Sannan ta ce ita dai lokacin da ta aure shi ba shi da kati, suna gare shi, kuma ta fi shekara ba ta ji wani ya kira shi da sunan da gaske ba.

Ranar Laraba bai nemi a goge masa riga biyu ba. Da sassafe ya biya ofishin 'yan sanda, ya miƙa wa mai bincike kwafin zanen da rahoton abin da ya gani da idonsa, ya sa hannu. Daga nan ya wuce gidan rediyo da wani guntun kankare a cikin jaka, rodi na leƙowa ta ƙasansa. Ya dire shi a kan teburin ɗakin watsa shiri, har mai gabatarwa ya ja baya da kujerarsa.

Da jar fitilar fara shiri ta kama, ya ninke takardar ƙungiya ya sa a aljihu.

"Jama'a, makon jiya na ce muku mai ɗaurin rodi ya saci ƙarfe. Ban je wurin ba lokacin da na faɗa. Ƙarya na yi, kuma saboda ƙaryata an karya wa dattijo hannu, yana tsare yanzu haka. Na je daga baya na ƙirga, rodinsa cikakke ne. Kuskuren a zane yake, zanen kuma yana ɗauke da hatimin ɗan ƙungiyarmu. Tsohon ya ga kuskuren ya faɗa, aka ce masa bai je makaranta ba."

Wayarsa ta fara rawa a kan tebur, sunan Shugaba na haskawa. Ya kife ta. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko zai faɗi mai hatimin, ya ce lambar tana hannun hukuma, kuma ba zai sake yanke wa kowa hukunci daga cikin rediyo ba, sau ɗaya ya ishe shi. Sauran lokacin ya ƙarar da shi yana bayanin inda rodin baranda ke zama, ya kuma roƙi kowane magini da mai ɗaurin rodi cewa in zane ya saɓa wa abin da hannunsa ya sani, ya tsaya, ya ƙi, har sai injiniyan ya zo da ƙafarsa.

Bai kai ga motarsa ba saƙo ya shigo. Kwamitin ƙungiya ya dakatar da shi daga kujerar kakaki saboda zubar da mutuncin sana'a. Ranar da ya yi wa talaka ƙazafi jinjina suka turo masa, ranar da ya faɗi gaskiya kuma suka tuna da mutunci. Waɗanda suka kasa ɗaga hannu a taro, su ne suka yi saurin sa hannu a takardar kora.

Ranar Alhamis, maimakon kotu, aka saki Baba Mai Rodi. 'Yarsa ta zo ɗaukar sa, ta ga injiniya tsaye a bakin ƙofa, ta gyaɗa masa kai sau ɗaya ta wuce da mahaifinta.

Maganar Shugaba ta ɗauki watanni ana jan ƙafa, amma zanen ya riga ya fita daga inda za a iya ɓoye shi. Daga ƙarshe hukumar da ke ba da lasisi ta karɓe hatiminsa, ya sauka daga kujera ba tare da walimar ban kwana ba. Shi ma Sai-Na-Gani ya ɗanɗana: ayyuka biyu manya suka suɓuce masa, wasu abokan suka daina ɗaga wayarsa. Telar nan har yau da sanda take tafiya.

Hannun tsohon kuwa bai koma daidai ba. Yatsu uku sun sandare, ba ya iya murɗa wayar ɗauri. Gyaran magana a rediyo ya wanke masa suna, amma bai mayar masa da sana'arsa ba, kuma injiniya ya san wannan nauyin zai bi shi har kabari.

Da ya sami wani ɗan aikin bene hawa biyu, sai ya je har gida ya roƙi tsohon ya zo ya zama mai duba masa rodi. Ranar da za a zuba kankaren baranda, injin kwaɓa siminti na ta ruri, leburori sun jeru da kwanukansu, rana ta fara zafi. Baba Mai Rodi yana can sama shi kaɗai, zane a hannun hagu, yana bin rodin da ido a hankali, layi bayan layi, yana taɓa kowace mahaɗa da yatsun da suka rage masa.

Mai kula da wannan sabon aikin ya gaji da jira. Ya zo ya ce injiniya, ai kai ka zana, kai ka buga hatimi, kai ka duba jiya, mu zuba mana.

Injiniya bai ɗauke idonsa daga kan tsohon ba. Ya ce, "Sai ya gani."

Darasi: In an ba ka bakin jama'a ka yi magana da shi, ka sani kalmarka tana iya karya hannun wanda ba ka taɓa gani ba. Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka je ka duba ba, kada ka kare abokan sana'arka da mutuncin wanda ba shi da mai kare shi, kuma kada takardar makaranta ta sa ka raina wanda hannunsa ya san aiki. In ka yi kuskure a bainar jama'a, ka koma wurin ka gyara da muryar da ka yi ɓarnar da ita. Ku tura wa duk wanda kuka san ana miƙa masa makirufo, ko yana buga hatimi, ko yana saurin yaɗa labarin da bai tabbatar ba.